Adana kayan lambu a ruwan khal: Yadda ake kauce wa guba ba tare da kayan sun yi laushi ba

Garin Keffi na Jihar Nasarawa yana kan mahaɗar hanyoyin da suka fito daga Abuja, da Akwanga, da garin Nasarawa, da kuma kudancin Jihar Kaduna. Saboda haka duk lokacin da kayan lambun rani suka kankama, kasuwarsa kan cika da albasa, da karas, da kabeji, da kokwamba, da tattasai, da attarugu, wasu daga tsaunukan Filato, wasu daga fadamun da ke kewaye. Kafin su ja baya kuma sai mangwaro ya shigo. A waɗannan watanni kaya kan yi araha har wasu su ruɓe a hannun masu sayarwa, amma da damina ta kama sai farashi ya tashi.

Tun kaka da kakanni Bahaushe yana magance wannan matsala da rana: kauɗar tumatir, da busasshiyar kuɓewa, da barkono, da gabu. A 'yan shekarun nan wata hanya ta fara shiga gidaje, wato tsima kayan lambu a ruwan khal cikin kwalba, abin da Turawa ke kira pikul, Larabawa kuma mukhallal. Da yawa sun fara saninsa ne a cikin shawarma, ko a ƙasar Saudiyya lokacin aikin Hajji, ko a bidiyon girki na Facebook da TikTok. Fa'idarsa a kan busarwa ita ce kayan suna riƙe launinsu, suna kuma nan garas-garas a baki.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida, kuma kuskure a cikinsa yana iya kai mutum asibiti. Galibin kurakuran suna faruwa ne a wuri biyu: wajen rage tsami don ɗanɗano, da wajen gudun tafasa don kada kayan su yi laushi.

Inda haɗarin yake

A cikin ƙasa, a kowace nahiya, akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Tana kwanciya a cikin wani ɓawo mai tauri, ta shekara ba ta mutu ba, kuma takan biyo karas ko albasa ko kokwamba daga gona zuwa madafa. A wannan hali ba ta cutar da babban mutum. Amma idan ta samu wuri mai danshi, wanda babu iska a ciki, kuma babu isasshen tsami, sai ta farka, ta hayayyafa, ta fitar da dafin da yake cikin mafiya ƙarfi da aka sani a duniya. Kwalbar da aka cika da kayan lambu aka toshe bakinta ta cika sharuɗɗa biyu na farko. Abin da ya rage tsakanin iyali da dafin shi ne tsami.

Masana suna auna tsami da ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon ƙarfin tsami, ruwa zalla kuma yana kan 7. Ƙwayar ba ta iya fitar da dafi a abincin da yake ƙasa da 4.6. Kokwamba, da albasa, da karas, da kuɓewa, da koren wake duk sun haura wannan iyaka, galibinsu suna tsakanin 5 da 6 ko sama da haka. Ruwan khal ne yake janyo su ƙasa.

Tafasa kaɗai ba ta wadatar ba. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ɓawon ƙwayar kuwa yana jure wannan zafi na sa'o'i. Kamfanonin abincin gwangwani suna kashe ta ne a digiri 121, a cikin tukwane masu matse tururi. Don haka duk wanda ya zuba kayan lambu a ruwan gishiri kawai, ko a mai, ya toshe kwalba ya tafasa ta a tukunyar gida, bai kawar da haɗarin ba.

An daɗe da sanin cutar. Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, ya yi bayanin alamominta tsakanin 1817 da 1822, sannan Emile van Ermengem ya gano ƙwayar bayan cutar ta kama mutanen da suka ci wani nama a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam a 1895. A 1977, a garin Pontiac na Jihar Michigan ta Amurka, mutum 59 sun kamu bayan sun ci miyar yaji a wani gidan abinci, wadda aka haɗa da barkonon da aka adana a kwalba ba bisa ƙa'ida ba. A 1991 kuma, a birnin Alƙahira, mutum 91 sun kwanta asibiti, 18 suka rasu, sanadiyyar cin wani kifi da aka tsima a gishiri.

Ruwan khal da gishiri

Ruwan khal ɗin da ya dace shi ne wanda aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa ƙarfin tsaminsa kashi 5 cikin 100 ne. Wajibi ne mai saye ya duba wannan rubutu, domin akwai masu kashi 4, akwai kuma waɗanda aka ƙera don goge-goge ba don ci ba. A duba lambar rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC. Wanda aka ɗura a gorar ruwa ana sayarwa a awo, ko wanda aka haɗa a gida da ɓawon abarba ko tuffa, bai dace da wannan aiki ba, saboda babu wanda ya san ƙarfinsa. Haka nan ruwan tsamiya, da ruwan tsamin gasara, da matsattsen lemun tsami: suna da daɗi a girki, amma tsaminsu yana hawa yana sauka.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ruwa ya fi khal yawa: kofi ɗaya na khal, kofi ɗaya na ruwa. A kan wannan awo ake tsima kuɓewa da koren wake, kuma ya isa ga kokwamba. Ga attarugu, da karas, da ƙananan albasa, awon da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta gwada ya fi haka ƙarfi, kusan kofi biyar na khal ga kofi ɗaya na ruwa. Ko da gwangwanin madara aka auna babu laifi, muddin da shi aka auna duka biyun. Ga lita ɗaya ta khal da lita ɗaya ta ruwa, babban cokali shida zuwa takwas na gishiri ya wadatar.

Idan tsamin ya yi wa mai gida yawa, sukari ne maganinsa, domin yana ɓoye tsami a harshe ba tare da ya rage ƙarfinsa ba. Abin da ba a yi shi ne ƙara ruwa.

A nan ne wata al'ada ta madafar Hausa take zama haɗari. Mai girki ta saba jefa kanwa a miya don ta kashe tsamin tumatir ko yakuwa, ko don ganye ya riƙe korensa, ko don wake ya yi saurin nuna. Kanwa, da ruwan toka, da bakin soda duk kishiyoyin tsami ne. Ɗan kaɗan daga cikinsu a kwalba yana karya ƙarfin khal, ya buɗe wa ƙwayar ƙofa, sannan ya sa kayan su yi lugub. Babu wurinsu a wannan aiki ko kaɗan.

Gishirin da ake sayarwa a Najeriya yana ɗauke da aidin kamar yadda doka ta tanada, kuma ba ya cutarwa a nan. Abin da kawai yake faruwa shi ne sinadarin da ake sa wa gishiri don kada ya dunƙule yakan sa ruwan kwalba ya ɗan yi gurɓi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi, wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, yakan dusashe launin kaya. Ana gyara shi ta hanyar tafasawa na minti 15, a rufe a bar shi ya kwana ya wuni, a tsiyaye na sama a bar laka a ƙasa.

Tukunyar da za a dafa khal ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mai fenti irin na samira wadda ba ta ɓare ba. Tukunyar alminiyam, musamman ƙirar gida, da ta tagulla, da bokitin kwano suna narkewa kaɗan-kaɗan a cikin tsami, su ɓata launi da ɗanɗano, wasu ma su saki ƙarfen da ba a so a jiki.

Me ke sa kaya laushi?

Taurin ɗanyen kayan lambu yana zuwa ne daga wani sinadari mai suna fektin, wanda yake haɗa ƙwayoyin halittar tsiro kamar yadda siminti yake riƙe bulo. Abubuwa uku ne suke karya shi: daɗewa bayan tsinka, zafin wuta fiye da kima, da wasu sinadarai masu narkarwa da ke jikin kayan da kansu ko jikin fumfuna. Duk dabarun da suka inganta suna komawa ne ga waɗannan uku.

Na farko, sabon kaya. An fi so a tsima kokwamba cikin sa'o'i 24 da tsinko ta. Wadda ta kwana uku a mota, ta wuni a rana a kan tebur, ta riga ta yi taushi a ciki, kuma babu dabarar da za ta mayar da ita. Ga mazauna Keffi, wannan yana nufin sammako zuwa kasuwa lokacin da ake sauke kaya, ko saye kai tsaye daga masu lambu. A zaɓi ƙanana, masu nauyi a hannu, waɗanda 'ya'yansu ba su ƙosa ba. A ware duk mai tabo ko alamar ruɓa.

Na biyu, yanke wajen fure. Kokwamba tana da kai biyu: wajen da take maƙale da yaɗo, da wajen da fure ya faɗi. A wajen furen ne sinadarin da ke narkar da fektin yake taruwa. Yanke kimanin milimita 2 daga wannan gefe yana kawar da mafi yawansa. Wanda bai bambance su ba sai ya yanke duka biyun. A wasu ƙasashe ana jefa ganyen inabi a kwalba don wannan dalili, amma wanda ya yanke wajen fure ba ya bukatarsa.

Na uku, sanyi. Jiƙa kayan a ruwan ƙanƙara na sa'o'i huɗu zuwa biyar kafin a ɗura yana ƙara musu tauri. Inda babu wutar lantarki, ƙanƙarar leda da ake sayarwa a unguwa ta isa, matuƙar da ruwa mai tsafta aka yi ta, ko a bar ta a cikin ledarta. Wata hanyar ita ce a kwanar da kokwamba a ruwan gishiri na sa'o'i 12 a wuri mai sanyi, sannan a tsane.

Na huɗu, girman yanka. Siririn yanka yana saurin dahuwa a kwalba. Kokwamba da aka raba huɗu a tsaye, ko karas da aka yanka kamar ɗan yatsa, sun fi riƙe jikinsu.

Akwai kuma sinadarin kalsiyam kulorayid na abinci, wanda shagunan kayan kek da na girki a manyan birane sukan kawo. Kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali ya ishi kwalbar rabin lita. Yana ƙarfafa fektin, ba ya taɓa tsami. Alif, wanda wasu ke kira alam, ba ya ƙara wa irin wannan tsimawa komai, yawansa kuma yana kawo bauri da ɓacin ciki. Tsofaffin littattafan girki na Turawa suna ambaton jiƙa kokwamba a farar ƙasar da aka tace don abinci, amma ita ma kishiyar tsami ce, sai an wanke an sake jiƙawa a sabon ruwa har sau uku kafin a amince da kayan. Barinta ya fi. Ta magina kuwa ba a kusantar da ita ga abinci.

Matakan ɗurawa da tafasawa

Hanyar toshe abinci a kwalba a tafasa ta samo asali ne daga Bafaranshe Nicolas Appert, wanda ya wallafa bayaninta a 1810. Kwalbar da aka fi amfani da ita a gidaje kuma, mai baki mai murɗi, John Landis Mason na Amurka ne ya yi mata rajista a 1858. Irinta ta yau tana da murfi kashi biyu: faifan ƙarfe mai roba a gefe, da zoben da ke danne shi. Faifan sau ɗaya ake amfani da shi.

1. A duba kwalabe, a jefar da mai tsagu ko ɓallin baki. A wanke da sabulu, a ajiye su cikin ruwan zafi har lokacin ɗurawa.

2. A wanke kayan lambu a ruwa mai tsafta, a cire duk ƙasar da ke jikinsu, a yanka.

3. A tafasa khal da ruwa da gishiri da sukari. Ana iya ƙara citta, ko masoro, ko kanumfari, ko kurkum, ko ƙwaya ɗaya zuwa biyu ta tafarnuwa a kowace kwalba. Kayan ƙamshin da ba a daka ba sun fi barin ruwa garau. Ba a sa mai, ba a sa gari ko sitaci don kauri.

4. A jera kayan a kwalba ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a zuba ruwan da zafinsa har ya rufe su, a bar sarari kimanin santimita ɗaya da kwata a sama.

5. A zura tsinken katako mai tsafta ta gefe don kumfar iska ta fito, a goge bakin kwalba, a rufe daidai ƙarfin yatsu.

6. A shimfiɗa waya ko tawul a gindin babbar tukunya don kada kwalabe su zauna a kan ƙarfe. A jera su a tsaye cikin ruwa mai zafi, ruwan ya haura murfi da santimita 3 zuwa 5. A rufe tukunya. Ƙirga lokaci yana farawa ne daga sa'ad da ruwa ya tafasa sosai.

7. A fitar da su a tsaye, a ɗora a kan tawul nesa da iska, kada a taɓa su sai bayan sa'o'i 12 zuwa 24.

Tsawon tafasa ya danganta da tudun gari, domin ruwa yana tafasa a ƙasa da digiri 100 a wuri mai bisa. A garuruwan da ba su kai mita 305 daga doron teku ba, kamar Legas, kokwamba a kwalbar rabin lita tana bukatar minti 10, ta lita ɗaya minti 15. Keffi tana daf da wannan iyaka, Kano da Zariya da Kaduna da Jos kuwa sun haura ta, don haka abin da ya dace da su shi ne minti 15 ga rabin lita, minti 20 ga lita ɗaya. Attarugu da kuɓewa a rabin lita su ma minti 15, karas kuma minti 20.

Wannan tafasa tana kashe fumfuna da yis da sinadaran da ke narkar da kaya, tana kuma korar iska don murfi ya kama. Wanda ya tsallake ta don gudun laushi, laushin ne zai same shi bayan makonni, tare da lalacewar kaya. Ga mai ma'aunin zafi na girki akwai hanya mai sauƙi a kan kokwamba: a riƙe ruwan tukunya tsakanin digiri 82 da 85 na minti 30 cur. Ba a yin ta da ƙiyasi, kuma ba a faɗaɗa ta zuwa sauran kayan lambu.

Kwalbar mayonis da batun firji

A gidaje da yawa kwalbar da ke hannu ita ce ta mayonis ko ta jam. Gilashinta ya fi saurin fashewa, murfinta kuma an riga an buɗe shi sau ɗaya, ba lallai ya sake kamawa ba. Murfin roba ba ya toshe iska ko kusa. Bayan kwalba ta huce, a danna tsakiyar murfi: idan ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama, idan yana shiga yana fitowa, bai kama ba. Duk kwalbar da ba ta kama ba, da wadda aka buɗe aka fara ci, wurinta firji. Inda wuta take yawan ɗaukewa, hikima ita ce a yi kaɗan a ƙananan kwalabe, a cinye cikin 'yan kwanaki, a riƙa ɗiba da cokali mai tsafta.

Kwalabe masu kyau a rubuta musu kwanan wata, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi. Ɗanɗano yakan zauna bayan mako huɗu zuwa biyar, kuma an fi so a cinye cikin shekara. Zafin da ya haura digiri 35 yana lalata abincin kwalba, a Keffi kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana yakan kai haka ko ya wuce. Kanta a ƙarƙashin rufin kwano, ko kusa da murhu, ko bakin taga ba wurin ajiya ba ne. Ƙasan ɗaki mai kaurin bango ya fi.

Wannan zafi ne kuma ya sa tsimawa da gishiri zalla, inda ake barin kaya su yi tsami da kansu, take da wuya a yankin. Tana son digiri 21 zuwa 24, kuma da zarar an haura 27 kokwamba takan yi yauƙi. Sai dai a gwada ta a tsakiyar hunturu.

Alamomin lalacewa da na cuta

Murfin da ya kumbura, ruwan da ke tsiyaya ta gefe, kumfar da ke tashi, fumfuna, yauƙi, wari, ko feshi lokacin buɗewa, duk alamu ne na a zubar. Amma rashin su ba shaida ba ce, domin dafin ba shi da launi ko wari ko ɗanɗano. Ba a ɗanɗana abin da ake shakka a kansa, ko da a bakin cokali. A ɗaure kwalbar a leda biyu, a binne ta inda yara da kaji da awaki ba za su kai ba, domin dafin yana kashe dabbobi ma.

Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, alamomin cutar sukan bayyana sa'o'i 12 zuwa 36 bayan cin abincin, ko da yake suna iya zuwa cikin sa'o'i huɗu, ko su jinkirta har kwana takwas. Sukan fara da kasala da jiri, sai gani dishi-dishi ko ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, haɗiya da magana su yi wuya. Daga nan rauni ya gangara zuwa wuya da hannuwa da ƙirji, har numfashi ya gagara. Babu zazzaɓi, kuma majiyyaci yana cikin hayyacinsa, abin da yakan sa iyali su ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko wani abu dabam, a ɓata lokaci a gida. Hukumar ta ce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda suka kamu sukan rasu.

Wanda aka ga waɗannan alamu a jikinsa a garzaya da shi babban asibiti nan take, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a faɗa wa likita abin da ya ci, a tafi da ragowar kwalbar a ɗaure, a kuma nemo duk waɗanda suka ci tare da shi. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana iya sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta lambarta ta kyauta, 6232.

Masu niyyar mayar da aikin sana'a, su riƙa kai wa shaguna ko masu shawarma, doka ta wajabta musu rajista da NAFDAC kafin su fitar da abinci a kwalba zuwa kasuwa. Ga su da ma masu yi don gida, ƙaramin littafi da ake rubuta ranar kowane ɗuri, da sunan khal ɗin da aka yi amfani da shi, da awonsa, da mintunan tafasa, shi ne zai nuna inda aka kuskure idan wata kwalba ta lalace, da kuma sauran kwalaben da ya kamata a janye tare da ita.